Bishiyar na'urori

Bishiyar na'urori, wadda a Turance ake kira Device Tree, wani tsarin bayani ne da ake miƙa wa babbar manhajar waya ko ta kwamfuta a daidai lokacin da aka kunna ta, domin ta san irin kayan da aka haɗa a jikin na'urar. Bayanin yana ɗauke da adadin furosesa, girman ma'adanar RAM da inda ta fara, sannan da jerin ƙananan sassa kamar sikirin, kyamara da ma'aunin batir, tare da adireshin kowannensu. Wanda ke karanta wannan bayani shi ne kenel, wato zuciyar babbar manhaja, sashen da ke hulɗa kai tsaye da kayan lantarki. Wayoyin Android, ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi da yawancin na'urorin rarraba intanet suna tashi ne da bishiyar na'urori. Kwamfutocin tebur da laftof kuwa suna amfani da wani tsarin daban mai suna ACPI, wanda shi ma irin wannan aikin yake yi. Idan bayanin da aka ba kenel bai dace da kayan da ke cikin na'urar ba, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, ko ta tashi amma wasu sassanta su ƙi aiki.

Asalin suna

A ilimin kwamfuta, ana kiran bayani da suna bishiya idan ya faro daga tushe guda, ya rabu zuwa rassa, kowane reshe kuma ya sake rabuwa. Zanen ya yi kama da bishiyar li'irabi da ake amfani da ita wajen nazarin ginin jimla, inda ake sa tushe a sama, rassa su gangaro ƙasa. A nan tushen shi ne na'urar baki ɗaya, rassan kuma sassanta ne. Akwai gajerun sunaye uku da ake yawan cin karo da su. DTS shi ne rubutun da mutum ke iya karantawa da gyarawa. DTB shi ne fayil ɗin da aka sarrafa zuwa lambobi domin na'ura. FDT kuma sunan fasalin da ake jera waɗannan lambobi a kai ne.

Dalilin da ya sa ake buƙatarta

Kayan da ke cikin kwamfuta sun kasu gida biyu ta fuskar yadda ake gano su. Akwai masu gabatar da kansu. Duk abin da aka jona ta USB ko ta PCI yana ɗauke da lambar kamfanin da ya ƙera shi da lambar samfurinsa, da zarar kenel ya tambaya sai ya faɗa. Shi ya sa ake iya cusa filas a kwamfuta ta gane shi nan take.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su da hanyar faɗin ko su wane ne. Yawancin sassan waya suna cikin wannan kashi. A kan fanel ɗin waya, wato farantin da aka jera sassan lantarki a kansa, akwai ƙananan aisi da ke magana da furosesa ta layukan I2C da SPI, waɗanda ba a ƙera su da tsarin tambaya da amsa irin na USB ba. Wasu sassan kuma suna cikin jikin babban aisi ɗin da kansa, kowanne a wani adireshi da kamfani ya zaɓa masa. Kenel ba zai iya bin adiresoshi ɗaya bayan ɗaya yana lalube ba, domin taɓa adireshin da babu komai a cikinsa na iya tsayar da na'urar cak, aika wutar da ta wuce ƙima zuwa wani sashe kuma na iya lalata shi. Saboda haka dole a faɗa masa abin da ke nan, da inda yake, da yadda aka haɗa shi da sauran.

Tarihi

Tsarin ya samo asali ne daga kamfanin Sun Microsystems na Amurka, inda injiniya Mitch Bradley ya ƙirƙiro manhajar kunnawa mai suna OpenBoot a ƙarshen shekarun 1980. A 1994 ƙungiyar IEEE ta mayar da ita ƙa'ida mai lamba 1275, aka san ta da suna Open Firmware. Kwamfutocin Apple masu furosesar PowerPC da manyan kwamfutocin IBM sun yi amfani da ita. Haka ma ƙaramar laftof ɗin yara ta XO-1, wadda aka yi gwajinta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. A wannan tsari, manhajar kunnawa ce ke riƙe da bishiyar, kenel kuma yana tambayarta abin da yake buƙata.

Wajen shekarar 2005, masu aikin Linux a kan PowerPC, musamman Benjamin Herrenschmidt da David Gibson, suka fito da hanyar dunƙule bishiyar ta zama fayil guda da za a iya miƙa wa kenel ko da na'urar ba ta da Open Firmware. Gibson ne ya rubuta dtc, manhajar da ke mayar da DTS zuwa DTB. A 2008 ƙungiyar Power.org ta rubuta ƙa'idar a cikin kundin ePAPR.

A ɓangaren furosesar ARM, wadda ita ce ke cikin wayoyi, lamarin ya daɗe a wata hanyar. Kowane fanel yana da nasa fayil na yaren C a cikin kenel, inda aka rubuta sassansa da hannu, kuma yana da lambar rajista ta musamman. Manhajar kunnawa takan miƙa wannan lamba tare da wani ɗan jerin bayani mai suna ATAG. Sakamakon haka, sai an gina kenel daban ga kusan kowane rukunin na'urori, fayilolin kuma suka yi ta taruwa suna maimaita juna. A watan Maris na 2011 Linus Torvalds, wanda ya assasa Linux, ya nuna ɓacin ransa a fili game da wannan hargitsi. Daga nan aka karkata zuwa bishiyar na'urori, aikin da Grant Likely ya daɗe yana jagoranta. Linux 3.7, wanda ya fito a Disamba 2012, shi ne ya fara ba da damar gina kenel guda da zai tashi a kan na'urorin ARM na kamfanoni daban-daban. A cikinsa ne kuma aka shigar da ARM mai bit 64, wanda tun farko ba a yarda da tsohuwar hanyar a kansa ba. Tun daga 2016 ana wallafa ƙa'idar da sunan Devicetree Specification.

Yadda aka tsara ta

Kowane reshe yana da suna, yawanci haɗe da adireshinsa, sannan a cikinsa akwai siffofi. Ga taƙaitaccen misali na reshen da ke bayyana aisi ɗin taɓa sikirin:

touchscreen@5d {
    compatible = "goodix,gt911";
    reg = <0x5d>;
    status = "okay";
};

Siffar compatible ita ce mafi muhimmanci. Tana ɗauke da sunan kamfani da na samfuri, kuma da ita ake nemo direba, wato ƙaramar manhajar da ta san yadda ake sarrafa wannan sashe. Ana iya jera sunaye fiye da ɗaya, daga na takamaimai zuwa na gama-gari, ta yadda idan ba a samu direban na farko ba sai a gwada na biyu. Tushen bishiyar Raspberry Pi 4, alal misali, yana ɗauke da "raspberrypi,4-model-b" sannan "brcm,bcm2711". Siffar reg tana ba da adireshi. Siffar status tana nuna ko a kunna sashen ko a ƙyale shi. Akwai kuma siffar interrupts, wadda ke faɗin layin da sashen zai bi ya ankarar da furosesa idan wani abu ya faru, kamar lokacin da yatsa ya taɓa sikirin.

Rassa suna iya nuna juna. Kyamara na iya cewa agogonta daga reshe kaza yake zuwa, wutarta kuma daga reshe kaza. Akwai rassa na musamman da ake samu a kusan kowace bishiya: cpus na furosesa, memory na RAM, da chosen, wanda ba kayan lantarki yake bayyanawa ba, saƙo ne daga manhajar kunnawa zuwa kenel.

Fayil ɗin DTB yana farawa da lambar shaida 0xd00dfeed. Idan kenel bai ga wannan lamba a farkon fayil ba, ba zai karɓe shi ba. Bayan kan fayil ɗin akwai sassa uku: jerin wuraren RAM da aka hana taɓawa, jerin rassa da siffofinsu, da ma'ajiyar sunayen siffofi, inda ake rubuta kowane suna sau ɗaya kawai domin rage girma.

Matakan lodawa lokacin tashi

Da an danna maɓallin kunnawa, furosesa takan fara da wata 'yar manhaja da aka dasa a cikin aisi tun daga masana'anta. Ita ce ke tada manhajar kunnawa, kamar U-Boot a na'urori da yawa, ko Little Kernel a wayoyi masu aisi na MediaTek. Daga nan abubuwa suna tafiya kamar haka:

1. Manhajar kunnawa tana shirya RAM, sannan ta kwaso kenel da DTB daga ma'ajiya ta ajiye su a ciki.

2. Tana yi wa bishiyar ƙananan gyare-gyare. Takan rubuta ainihin girman RAM da ta tarar, ta kuma sa umarnin tashi a reshen chosen.

3. Tana ajiye adireshin DTB a wata rajistar furosesa da aka amince a kai, sannan ta miƙa ragama ga kenel. A ARM mai bit 32 rajistar ita ce r2, a mai bit 64 x0 ce, a RISC-V kuma a1. Ƙa'idar Linux ta ARM mai bit 64 ta ce kada DTB ya wuce megabait 2.

4. Kenel yana duba lambar shaida, sannan ya yi karatun farko cikin gaggawa. A wannan lokaci bai gama shirya kansa ba, saboda haka abin da ya zama dole kawai yake ɗauka: sunan na'urar, inda RAM take, wuraren da aka hana, da umarnin tashi.

5. Bayan ya samu wurin aiki a RAM, sai ya warware dunƙulallen fayil ɗin ya mayar da shi bishiya mai sauƙin bincike.

6. Yana tada sassan da komai ya dogara a kansu: mai karɓar ankararwa, agoguna, ma'aunin lokaci da sauran furosesoshi.

7. Yana bin ragowar rassan, yana haɗa kowanne da direban da sunansa ya dace da siffar compatible. Idan wani direba ya tarar abin da yake buƙata bai tashi ba tukuna, misali mai ba shi wuta, sai a jinkirta shi a sake gwadawa daga baya. An shigar da wannan dabara ta jinkirtawa a Linux 3.4 a 2012.

Reshen da ba a samu direbansa ba ana tsallake shi ne shiru, babu wani saƙo da ke bayyana a sikirin. Wannan ne ya sa na'ura kan tashi lafiya amma wani sashe nata ya zama kamar babu shi. A na'urar Linux da ta riga ta tashi, ana iya ganin bishiyar a /proc/device-tree ko a /sys/firmware/devicetree/base.

Bambanci da ACPI

Kamfanonin Intel, Microsoft da Toshiba ne suka fitar da ACPI a Disamba 1996, kuma tun 2013 ƙungiyar UEFI Forum ke kula da shi. A wannan tsari, bayanin yana zaune ne a cikin BIOS ko UEFI na kwamfutar, a matsayin tebura. Kenel yana fara nemo wata manuniya mai suna RSDP. A tsofaffin kwamfutoci yakan laluba ta a wani sanannen yanki na ƙasan ma'adana, a sababbi kuma UEFI ce ke ba shi adireshinta. Manuniyar tana kai shi ga RSDT ko XSDT, wanda shi ne jerin sauran teburan. Teburin MADT yana lissafa furosesoshi da masu karɓar ankararwa, FADT yana bayanin sarrafa wuta, DSDT da SSDT kuma suna bayyana sassan na'ura.

Babban bambancin shi ne, bishiyar na'urori bayani ce zalla, ba ta aiwatar da komai. Teburan ACPI kuwa suna ɗauke da ƙananan umarni a wani yare mai suna AML, waɗanda kenel ke aiwatarwa, misali domin sanin cajin batir ko abin da za a yi idan an rufe murfin laftof. Amfanin haka shi ne faifan Windows ko na Linux guda ɗaya na iya hawa kan kwamfutocin HP, Dell da Lenovo ba tare da an san samfurin tun farko ba. Illarsa kuma, idan kamfani ya yi kuskure a teburansa, sai dai a jira ya sabunta BIOS ko kenel ya nemi hanyar kauce wa kuskuren. Linux 4.1 na 2015 ya kawo ACPI ga ARM mai bit 64, kuma manyan kwamfutocin sabar ARM da Windows na ARM da shi suke aiki.

A wayoyin Android

Android yana kan kenel na Linux ne, saboda haka yana bin matakan da aka lissafa. Sai dai waya tana da masu hannu biyu a ƙirarta: kamfanin da ya yi babban aisi, kamar MediaTek na Taiwan, Unisoc na Sin ko Qualcomm na Amurka, da kamfanin da ya harhaɗa wayar. Daga Android 8 na 2017, Google ya tsara a raba bishiyar biyu. Babbar bishiya tana bayyana aisi, faci kuma yana bayyana abin da ya keɓanta da fanel ɗin wayar. Ana ajiye facin a wani sashe na ma'ajiya mai suna dtbo, manhajar kunnawa ce ke ɗora shi a kan babbar bishiyar kafin ta miƙa wa kenel. A Android 10 na 2019 an ware wa DTB gurbi a cikin fayil ɗin boot, a tsarin da Android 11 ya kawo a 2020 kuma aka mayar da shi sashen vendor_boot.

Sashen dtbo na iya ɗaukar faci fiye da ɗaya. Dalili kuwa, wayoyi biyu masu suna ɗaya a kwali ba lallai ne cikinsu ya zama ɗaya ba. Kamfani na iya sauya mai kawo masa sikirin ko kyamara a tsakiyar ƙira, ko ya fitar da fanel daban domin wata kasuwa. Manhajar kunnawa takan karanta wata alama a jikin fanel ta zaɓi facin da ya dace. Idan kuma wayar a kulle take, tsarin tantancewa na Android yana duba sa hannun dtbo, ya ƙi tashi idan an taɓa shi.

A wurin masu gyaran waya na Ɗambatta

A garin Ɗambatta da ƙauyukan da ke kewaye da shi a arewacin jihar Kano, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, wayoyin Tecno, Infinix da itel na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen suna cikin waɗanda aka fi riƙewa. Yawancinsu suna ɗauke da aisi na MediaTek ko na Unisoc. Manomi ko ɗan kasuwa da wayarsa ta maƙale a tambarin kamfani yakan kai ta wurin mai gyara, wanda sau da yawa zai ce sai an yi mata filashin, wato a sake zuba mata manhajarta daga kwamfuta. Ga wayoyin MediaTek ana amfani da SP Flash Tool da fayil ɗin scatter, wanda ke nuna inda kowane sashe zai zauna a ma'ajiya. Na Unisoc kuwa manhajarsu na zuwa ne a dunƙule cikin fayil mai ƙarshen pac. Kayan gyara irin su sikirin da batir galibi daga birnin Kano ake sayo su, inda kasuwar Farm Centre ta shahara da harkar waya.

Mai gyara ba ya buɗe bishiyar na'urori, wataƙila ma bai taɓa jin sunanta ba, amma duk lokacin da ya yi filashin yana sake rubuta ta, domin tana cikin boot, dtbo ko vendor_boot. Idan ya zuba fayil ɗin wani samfuri na kusa, ko na wani zubin fanel, alamomin da aka saba gani su ne:

Wayar ta yi ƙara ko ta girgiza amma sikirin ya tsaya baƙi ko fari, domin bayanin sikirin da aka ba ta na wani ne daban.

Hoto ya fito amma taɓawa ta ƙi aiki, ko ta juye, domin an nemi aisi ɗin taɓawa a adireshin da ba ya nan.

Kyamara ta ɓace, ko lissafin cajin batir ya rikice.

Wayar ta riƙa kashe kanta tana sake tashi ba ta kai ga buɗewa.

Ba kowace irin wannan matsala ce daga bishiyar take ba. Wani lokaci direban ne babu shi a cikin kenel, wani lokaci kuma manhajar kunnawa ce ba ta dace ba. Amma tushensu ɗaya: abin da aka faɗa wa manhaja ya saɓa da abin da ke kan fanel. Irin haka na faruwa ko ba a yi filashin ba. Sabon sikirin da aka sa wa waya na iya zama daidai a girma da soket, amma idan aisi ɗin taɓawa da ke jikinsa ba ya cikin waɗanda manhajar wayar ta sani, ba zai yi aiki ba. Ɓacewar lambar IMEI bayan filashin kuwa wata matsala ce daban, wadda a wayoyin MediaTek ke da alaƙa da sassan nvram da nvdata.

Saboda wannan ne ƙwararrun masu gyara ke duba cikakkiyar lambar zubin manhaja da lambar da ke jikin fanel kafin su zaɓi fayil, ba sunan da ke bayan waya kaɗai ba. Sukan kuma kwafi abin da ke cikin wayar su adana kafin su goge komai. Ga mai waya, kuskure a nan na iya jawo asarar kuɗin gyara, da tafiya Kano, da rasa hotuna, lambobi da manhajar banki, domin filashin yakan share abin da ke ciki.

Ƙalubale

Manufar tsarin ita ce bishiya ta bayyana kayan lantarki kawai, ta yadda kowace babbar manhaja za ta iya amfani da ita, kuma tsohon DTB ya ci gaba da aiki da sabon kenel. FreeBSD, NetBSD da U-Boot duk suna karanta ta, Zephyr kuma yana amfani da ita tun lokacin gina manhaja. A aikace kuwa, kamfanonin waya da yawa suna ƙirƙiro siffofin kansu waɗanda kenel ɗinsu kaɗai ya sani. Domin rage wannan, Linux ya fara rubuta ƙa'idojin siffofi da YAML, yadda manhaja za ta iya tantance bishiya kafin a yi amfani da ita.

Wannan rarrabuwa tana cikin dalilan da suka sa ba a iya ɗaukar Android guda a zuba wa kowace waya kamar yadda ake yi wa laftof, kuma wayar da kamfaninta ya daina sabuntawa takan tsaya inda aka bar ta ko da kayanta lafiya lau suke. Masu aikin sa kai a LineageOS da postmarketOS sukan ciro DTB daga tsohuwar waya, su mayar da shi rubutu da dtc, su yi nazarinsa domin gano yadda aka haɗa sassanta. Aikin ya fi sauƙi ga wayoyin da kamfanoninsu suka fitar da rubutun kenel ɗinsu a fili, ya fi wuya ga waɗanda ba a fitar da nasu ba.